Kati Na Uku

"Kowa ƙasa! Fuska a kan tayil!"

Muryar Kwamanda ce ta cika ɗakin. Ƙarfe sha ɗaya na safe, ranar Talata, a hawa na uku na wani kamfani mai yin manhajar tura kuɗi ta waya. Mai gadi na kwance a bakin matakala, an ɗaure shi da igiyar takalminsa. Gajere ya tare ƙofa da bindiga. Direba na ƙasa cikin mota, bai kashe inji ba. Na huɗunsu, wanda suke kira Tabarau, shi ya shigo ƙarshe yana haki, gilashinsa duk ya yi hazo saboda numfashin da ke fita ta saman ƙyallen fuskarsa. Shi ko bindiga ba a ba shi ba. Kwamanda ya ce mutumin da hannunsa ke rawa in ya ɗaga kofin shayi ba zai tsaya a bayansa da ƙarfe ba.

Ba kuɗi suka zo ɗauka ba. Abin da ya kawo su yana nan a kan tebur, wani baƙin akwatin ƙarfe da za ka iya saƙalewa a hammata. A cikinsa makullin kamfanin yake. Ba irin na ƙofa ba ne, dogon jeren lambobi ne da aka haifa a cikin akwatin, kuma ba ya fita. Duk sabuwar manhajar da kamfani zai tura wa wayoyin jama'a, sai akwatin ya sa mata hannu da makullin nan kafin waya ta yarda cewa ta gaske ce. Wanda ya samu akwatin zai iya tura ta jabu, wayoyi dubu ɗaruruwa su buɗe mata ƙofa da kansu. Akwai wani mai saye da ke jira, wanda a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

A kulle cikin sef akwatin ke zama, sau ɗaya a wata uku ake fito da shi, kuma yau ce ranar. Kati biyar ne a wuyan mutum biyar, kuma sai uku sun haɗu, kowa ya zura nasa ya danna lambar sirrinsa, sannan akwatin ya yi aiki. Tabarau ya san wannan ne don shekara biyu ya yi a kamfanin. Wata rana, saboda gaggawa, ya rubuta kalmar sirrin rumbun bayanai tsirara a cikin rubutun manhaja, ya ce gobe zai cire, goben ba ta zo ba. Aka gano. Aka kore shi a gaban kowa, mai gadi na riƙe da kwalin kayansa. Shekara guda ya yi yana yawo da takardu ba wanda ya ɗauke shi, baƙin ciki na cin sa, har ya faɗa hannun Kwamanda.

Ya share gilashi da hannun riga, ya dubi mutum ukun da ke kwance. Manaja da tumbinsa yana ta salati. Lauyan kamfani ya dafe ƙeya da hannu biyu. Ta ukun mace ce mai mayafi ruwan toka, ita ko rawar jiki ba ta yi.

Nan take ya gane ta. Yaya ce.

Uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa, shi ya sa sunayensu ba su haɗu a takarda ba. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kai shi makaranta, ita ta sama masa aikin nan a ɓoye, don dokar kamfani ta hana 'yan uwa biyu zama a sashen makulli. Ko a lif suka haɗu gaisuwar baƙi suke yi. Kuma ya duba, wallahi ya duba! Jadawalin da ya gani manne a jikin firij ɗinta ya nuna tana hutu a makon. Abin da jadawalin bai faɗa ba shi ne, wanda ya kamata ya zo matarsa ta haihu da asuba, aka kira Yaya ta maye gurbinsa. Ita kuwa in dai aiki ne ba ta iya cewa a'a ba.

Gajere ya bi su yana tsinke katunan daga wuyansu, ya kwashe wayoyi. Kwamanda ya jefa musu takarda da biro, ya ce kowa ya rubuta lambarsa. Manaja ya rubuta tasa da sauri, har da ja mata layi a ƙasa, bawan Allah. Lauya ya bi sahu. Yaya ta rubuta a hankali, sannan ta ɗago kai ta dubi mai gilashin nan da ke zare wayoyin akwati yana naɗe su a tafin hannu. Ta daɗe tana kallonsa. Kwamanda ya ga kallon.

Shi Kwamanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Harsashin yaransa ƙirgawa yake safe da yamma, abinci kuma sai wani ya fara ɗanɗanawa. Ya tambayi Tabarau me zai faru in ɗaya daga cikin lambobin ƙarya ce. Tabarau ya ce in aka yi kuskure sau uku akwatin zai goge makullin da kansa. Kalmar na fita ya so ya haɗiye ta.

"To da jingina za mu tafi," in ji Kwamanda. "Madam, tashi."

Tabarau ya yi saurin cewa ai gara Manaja, matsoraci ne, tsawa ɗaya zai amayar da komai.

Kwamanda ya juyo a hankali. "Tun yaushe ka fara zaɓa mini?"

Minti shida aka yi aka gama. Matakala — ƙofar baya — mota! Direba ya fizge ta kafin a rufe ƙofa, ya tsallake danja biyu, ya kutsa lungu, ya ɓulla bayan wani ɗakin ajiyar kaya inda wata motar ke jira. Yaya na ƙasan kujera, hannunta ɗaure da wayar lantarki, ƙafar Gajere a bayanta. Tabarau ya rungume akwatin, idonsa a kan titi, don in ya kalli ƙasa ya san fuskarsa za ta tona shi.

Maɓoyarsu wani tsohon garejin kanikawa ne a bakin gari, rufin kwano, ƙasa duk baƙin mai, gawar wata babbar mota a kusurwa. Suna shiga Kwamanda ya cire ƙyallen fuskarsa ya jefar. Gajere ya cire. Direba ma ya cire, a gabanta, ba wanda ya damu. Nan Tabarau ya gane abin da ba a gaya masa ba a wajen shiri: ko akwatin ya buɗe ko bai buɗe ba, Yaya ba za ta fita daga garejin nan da ƙafarta ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya bar nasa ƙyallen, ya ce ta san shi a wajen aiki. Kwamanda ya yi dariya ya ce to sai me, wa za ta gaya wa? Ya sa hannu ya fizge.

Yaya ta dube shi sama da ƙasa, fuskarta babu komai.

"Au," ta ce. "Kai ne wanda aka kora."

Ta kau da kai. Shi kuwa da ma marinsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Lokaci ba ya jiransu. Kamfani zai soke takardar shaidar makullin, wato ya sanar da kowace waya cewa kada ta ƙara yarda da wannan sa hannun. Amma sai shugabanni sun taru sun amince tukuna, kuma Tabarau ya ƙiyasta musu awa huɗu. Mai saye ya ce in ƙarfe uku ta wuce, su yi kujera da akwatin.

Ya ɗora akwatin a kan teburin aiki, ya haɗa shi da kwamfutarsa. Katin Manaja, lamba, fitila ta yi kore. Katin Lauya, kore. Katin Yaya.

Ja.

Kwamanda bai ɗaga murya ba. Ya ja benci ya zauna a gabanta, ya ɗora bakin bindiga a gwiwarta, ya ce ta sake tunani. Ta ce tsoro ne ya ruɗa ta a ofis, yanzu ta tuna. Ta fara faɗin lambobi ɗaya bayan ɗaya, tana kallon bango.

Yatsun Tabarau suka tsaya. Ranar haihuwarsa ce ta karanto, rana da wata da shekara. Yaya, wadda ita ke koyar da sababbin ma'aikata cewa wanda ya yi lambar sirri da ranar haihuwa ya bar ƙofa a buɗe ne, ba za ta taɓa yin haka ba ko a mafarki. Ƙarya ce ta biyu, kuma da shi take magana. Ta yanke shawarar ƙona damar uku, akwatin ya goge, a kashe ta a huta. Taurin kan nan ya san shi tun yana goye a bayanta.

Sai ya janye hannu, ya ce ba za a danna yanzu ba. Ya ce in aka yi kuskure, akwatin na kulle kansa awa guda, wanda ya matsa masa kafin nan ya ci dama ta biyu a banza. Ƙarya ce tsagwaronta, a take ya ƙirƙire ta. Kwamanda ya ƙura masa ido har gumi ya gangaro masa a ƙeya, sannan ya ce a jira.

Tabarau ya ce kafin nan bari ya sauko da fayil ɗin jabun da mai saye ya aiko, wanda akwatin zai sa wa hannu. Wannan kam gaskiya ne. Ya cusa modem, ya hau layi. Amma a can cikin kwamfutarsa akwai wani abu da ya ƙi gogewa shekara guda, don tsabar haushi: tsohuwar takardar shaidarsa ta ma'aikaci, ɗan ƙaramin fayil da kwamfutar kamfani ke gane shi da shi. An soke ta ranar da aka kore shi, ba abin da za ta buɗe. Sai dai duk lokacin da sokakkiyar takarda ta ƙwanƙwasa, ƙararrawa na tashi a wayar jami'in tsaron kamfani, da sunan mai ita da layin da ya hau. Shi da hannunsa ya rubuta wannan ɓangaren, lokacin yana ɗan gaban goshi.

In ya danna, ya rubuta cikakken sunansa ke nan a jikin fashin. Ya dubi Yaya zaune a kan tsohuwar taya, waya ta ci wuyan hannunta. Ya danna. Allo ya rubuta da ja cewa an ƙi. Ya sake dannawa, ya kuma sake.

Gajere, da ke numfashi a bayan kunnensa, ya tambayi jan rubutun mene ne. Ya ce sabis ne ke wasa.

A can kamfani, wani sufeton 'yan sanda na fama da Manaja, wanda ya kasa tuna ko ɓarayin uku ne ko goma, sai wayar jami'in tsaro ta yi ƙara sau uku a jere. Mutumin ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙa wa Sufeto. Kafin minti goma kamfanin layi ya ba su unguwar.

A gareji kuwa zafi ya sauko daga kwano, kowa na kallon kowa. Gajere ya ja Kwamanda gefe suna ƙus-ƙus. Direba ya fita fitsari sau biyu, a na biyun Tabarau ya ji ya juya motar ta fuskanci ƙofa. Kwamanda na zaune a kan gawar babbar motar yana latsa wata ƙaramar waya da ba wanda ya san yana da ita. Can wayar ta yi haske. Ya karanta, ya sauko, ya tako a hankali.

Ashe mai saye ya tura wa tambaya. Mai saye ya ce irin wannan akwatin ba shi da wani jiran awa guda.

Marin da ya sauka ya cillar da gilashin Tabarau ƙarƙashin tebur. Ya lalubo shi, ɓari ɗaya na gilashin ya tsage. Kwamanda ya ture shi, ya sa Yaya ta maimaita lambar, ya danna da kansa da yatsa ɗaya.

Ja. Saura ɗaya.

"Ɗan boko," in ji Kwamanda, "ka ɗauka mu shanu ne. Tun ɗazu kana ta latse-latse. Kwafe makullin kake kana turawa wani wuri, ko? Kai da matar nan bakinku ɗaya. Tun a ofis na ga yadda take kallonka."

Tabarau ya rantse cewa makullin ba ya kwafuwa, ba ya fita, don haka ma aka ƙera akwatin. Gajere ya ce to madalla, tunda yana ciki, me ake ta wahala da kati da mace? Ga sukurdireba, ga kurfin sarar ƙarfe, ga guduma, gareji ne fa. A buɗe a ɗauki abu a kai wa mai saye.

Wannan karon kam Tabarau ya faɗi gaskiya, har da haɗa hannu. Ya ce akwai wata siririyar waya shimfiɗe a ƙarƙashin murfin, tana tsinkewa makullin ya goge, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba. Ya ce su tambayi mai saye mana. Amma mutumin da aka kama da ƙarya minti biyar da suka wuce, wa zai sayi gaskiyarsa? Kwamanda ya ce mai sayen ma ɗan boko ne, wa ya sani ko tare suka shirya a zagaye shi. Iya magiyar Tabarau, iya tabbacin da Kwamanda ke samu cewa akwai abin da ake ɓoye masa a ciki. Ya ɗaga wa Gajere kai.

Kusoshi huɗu suka fita. Murfin ya ƙi. Gajere ya kafa kurfi, ya ɗaga guduma — ƙwal! ƙwal! — murfi ya ɗago. Fitilar ta yi fari sau ɗaya, ta mutu.

Suka leƙa. Wani koren faranti ne mai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, da batir kamar maɓallin riga. Gajere ya kifa akwatin ya girgiza, ya duba ƙasa ko wani abu ya faɗo.

"Oga," ya ce, "ina makullin?"

A kan allo rubutu ya fito cewa babu komai a ciki. Kwamanda bai iya karanta shi ba, amma ya iya karanta fuskar Tabarau. Ya ɗauki bindigarsa. Sannan ya ce shi ke nan, a share wuri a tafi, ya juya bakin bindiga wajen Yaya, tunda yanzu lambarta ba ta da sauran amfani.

Tabarau bai san lokacin da ya tsaya a tsakaninsu ba.

"Oga, ni ne abokin rigimarka, ba ita ba. Na kira 'yan sanda. Minti arba'in ke nan, da sunana na kira su. Suna hanya."

A waje inji ya tashi. Taya ta ci ƙasa. Direba, wanda ya fi kowa iya karanta iska, ya tafi da motar, ya bar musu ƙura. Kafin ƙarar motar ta ɓace wata ƙarar ta taso daga nesa, jiniya, ba ɗaya ba.

Kwamanda ya harba.

Tabarau ya ji kamar an doke shi da ƙarfe a ƙugu, ya zube a kan baƙin mai. Gajere ya ruga katangar baya, ya kama, ya ɗaga ƙafa — tau! tau! — ya dawo ƙasa bai ƙara motsi ba. Kwamanda ya laɓe a bayan babbar motar yana harbi ta ƙofa, har harsashin da yake ƙirgawa safe da yamma ya ƙare. Suka shigo suka danne shi.

Da hayaƙi ya lafa, Sufeto ya tsaya a tsakiyar gareji yana duba abin da rana ta ci. Gajere gawa. Ɗan sanda ɗaya an fita da shi da harsashi a kafaɗa. Direba ya ɓace. Akwatin da aka yi duk wannan dominsa na kife a ƙasa, gwangwani ne kawai yanzu. Kwamanda kuma, ana jan sa zuwa mota da ankwa, yana ta faɗa wa duk mai kunne cewa matar nan ce 'yar cikin gida, ita da mai gilashi bakinsu ɗaya, a bincike su.

Wani ɗan sanda ya yanke wayar da ke hannun Yaya. Ba ta ko murza wurin ba. Ta durƙusa a cikin man, ta dunƙule mayafinta ta danne raunin da hannu biyu.

"Auta," ta ce. "Auta, buɗe ido. Kalle ni."

Ya buɗe. Ta rayu, yana ganinta, har zuciyarsa ta yi sanyi. Amma ya ji abin da Kwamanda ke faɗa, kuma ya san yadda takarda za ta kasance in an rubuta: ta sama masa aiki a ɓoye, a gidanta ya ga jadawali, ranar da ba tata ba ta zo ofis, ita aka zaɓa aka tafi da ita. Ba alƙalin da zai karanta wannan ya ce tsautsayi ne. Shekara goma sha biyar ta yi tana riƙe da amanar mutane, yau zai zubar mata da ita a cikin baƙin mai.

Ya tattaro sauran ƙarfinsa ya yi mata raɗa. "Yaya, don Allah. Ki ce ba ki san ni ba. Ba a rubuce yake ko'ina ba."

Inuwar Sufeto ta sauka a kansu. Ya tsuguna, ya dube ta, ya dube shi.

"Madam, me na ji kin kira shi?"

Tabarau ya riga ta. Ya ce a ofis kawai ya san ta, ko gaisawar kirki ba sa yi, tausayi ne irin na mata. Sufeto ya ce ba da shi yake ba. Ya ce wa Yaya ta yi tunani kafin ta amsa, don duk abin da ta faɗa yanzu zai shiga takarda. In babu komai tsakaninsu, ga mota nan a kai ta gida.

Ta san haka. Ta fi Sufeto sanin abin da amsar za ta ci mata. Tabarau na girgiza mata kai, hawaye na bin gefen fasasshen gilashinsa.

"Ƙanena ne," ta ce. "Ni na goya shi."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe, ya ce a kawo wata ankwar. Da aka kawo, ya ce ta miƙo hannu.

Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce ya yi haƙuri ya jira motar asibiti, ba inda za ta gudu. In ta ɗaga hannun nan yanzu, jinin zai ci gaba da zuba.